Yadda muka zaɓi ƙaramin jirgin ruwa na iyali da injinsa

Shekara shida ke nan da muka koma zama a gundumar Essex da ke gabashin Ingila, kuma tun lokacin da na kammala kwas ɗin tuƙin jirgi mai tafiya da iska na RYA, ƙungiyar matuƙan jiragen ruwa ta Birtaniya, na ƙudura a raina cewa sai mun mallaki namu, wanda zai ɗauke ni da mai ɗakina da yaranmu biyu mu kwana a kogin Blackwater a ƙarshen mako. Da farko kyan jirgi da saurinsa nake dubawa, amma wurin ajiya ne ya fara gyara mini tunani. A wannan gaɓa ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma wuraren ajiya masu sauƙin kuɗi su ne waɗanda ruwa ke janyewa ya bar jirgi a kan laka. Jirgi mai dogon ƙarfe ɗaya a ƙarƙashinsa kwanciya yake yi a gefe idan ruwa ya tafi, shi kuwa mai ƙarafa biyu yana zama daram kamar tukunya a kan murhu.

Wannan ne ya kai mu ga samfurin Westerly Centaur, jirgi mai tsawon ƙafa 26 wanda aka ƙera fiye da guda 2,400 daga 1969 zuwa 1980. Zurfin ruwan da yake buƙata ƙafa 3 ne kawai, kuma babban mutum yana iya miƙewa tsaye a cikin ɗakinsa. Mai ɗakina ba ta damu da sauri ba; ta shiga ta ga makewayi mai ƙofa da wurin girki, ta ce, "Baban yara, idan ba irin wannan ba ne, ku tafi ku kaɗai." A nan aka gama maganar samfuri.

Maganar inji ce ta ɗauke ni wata biyu. Jirage biyu muka gani da suka dace da aljihunmu. Na farko an cire masa injin ciki an maƙala masa na fetur a baya, irin wanda ake sa wa kwalekwale a kogin Neja, kuma ya fi arha sosai. Na biyu yana da injin dizal a cikinsa, wanda aka sabunta shekaru kaɗan da suka wuce. Injin maƙalawa yana da daɗin sha'ani, domin idan ya lalace sai ka ciro shi ka sa a bayan mota ka kai wa makaniki, kuma sabonsa bai kai kuɗin na ciki ba ko kusa. Sai dai da muka fita gwaji a bakin kogi, inda iska ke karo da ruwa mai janyewa, duk lokacin da bayan jirgin ya ɗaga sai farfela ta fito waje tana juyawa a banza, jirgin ya rasa ƙarfi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Farfelar injin ciki tana can ƙarƙashin jirgi, ba ta barin ruwa.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne tururin fetur. Ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya yana gangarawa ne ya taru a ƙasan jirgi, inda ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da gobara, ga kuma risho da yara suna barci a ɗaki ɗaya. Dizal ba ya kama wuta da sauƙi haka, ba ya shan mai da yawa, kuma yana cika batir ɗin da fitilu da rediyon kiran agaji suka dogara da shi. Ban nemi babban inji ba, tun da jirgi mai wannan tsawo ba ya wuce kimanin mil 6 na teku a awa komai ƙarfin da aka ƙara masa. Ƙarfin doki 20 ya wadatar. Kafin mu biya kuɗi na ɗauki ƙwararren mai binciken jirage ya duba jikin jirgin mai injin dizal, musamman inda ƙarafan biyu suka haɗu da shi, domin zama cikin laka yana wahalar da wurin.

A damina ta biyu na gane cewa dizal ma yana da nasa haƙƙi. Muna shiga kogi da yamma sai na lura ruwa ya daina fita ta salansa, ƙararrawar zafi ta fara kuka. Ƙaramar robar da ke juyawa cikin famfo tana jawo ruwan teku don sanyaya inji ce ta yage, kuma laifina ne, domin ana so a duba ta kowace shekara ni kuwa ban taɓa buɗe famfon ba. Muka kashe inji muka saki anka, na shafe awa guda a durƙushe da sifana ina tsince gutsattsarinta. Yanzu akwai robobi biyu da matatar mai da bel a akwatin da ke ƙarƙashin gadon yara, kuma babbar 'yarmu ce ke leƙa bayan jirgi duk lokacin da aka tayar da inji ta sanar da ni ko ruwa yana fita.