Kwamfuta na barci, fanka na ruri: yadda na gano cutar

Shagon buga takardu nake da shi a Garwa, kuma kwamfutar tebur guda ce ke ɗauke da aikin duka: takardun neman aiki, katin biki, ayyukan ɗalibai. Ta hannu na saya, Windows 10 ke kanta da Faransanci. Wajen aiki ba ta da gardama. Matsalar tana zuwa ne in na sa ta barci na tafi masallaci. Sai in dawo in tarar da allo baƙi ƙirin, fankoki na ruri kamar injin niƙa, in taɓa kibod shiru, in motsa linzami shiru. Dole in danne maɓallin wuta har ta mutu, duk abin da ban adana ba kuwa ya tafi ke nan.

Kowa ya ji ƙarar sai ya ce zafi ne. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 bayan hunturu ya cika komai da ƙura, dole can hankalinsa zai fara zuwa. Na buɗe ta na hure ƙurar da ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na shafa sabon man sanyaya shi. Ta ƙara sanyi wajen aiki, amma cutar barcin na nan daram.

Da na zauna na yi tunani sai na ga zancen zafi bai hau ba. A barcin da ake kira S3, kusan komai mutuwa yake yi, har fankoki. RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, kaɗai ake bari da 'yar wuta don ta riƙe aikin da ke buɗe. To in fanka na juyawa, babbar wuta ta dawo ke nan, wato kwamfutar ta yi yunƙurin farkawa ta maƙale a hanya. Ita kuwa fanka mai waya huɗu, in ba ta samu umarnin gudu daga madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa, ba, sai ta saki gudu iya ƙarfinta. Rurin nan alama ce ta babu mai riƙe da ragamarta.

Daga nan na bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba na canza biyu a lokaci guda. Na cire firinta da duk abin da ke maƙale a USB, na sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, na bar shirin gwaji na MemTest86 ya kwana yana gwada RAM, bai samu kuskure ba. Na canza batirin CR2032 na madabod, na mai da BIOS, wato saitin madabod ɗin, yadda ya zo daga kamfani. A Observateur d'événements (kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru) na ga saƙon kuskure Kernel-Power 41 jere, amma kada wannan ya ruɗi kowa: abin da yake faɗi kawai shi ne an kashe na'ura ba ta hanyar da ta dace ba, ba ya faɗin dalili.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a kasuwa ne ya warware min. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ɗana, wa ke ba RAM ɗin wuta in tana barci?" Na ce akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ne, Baba. Ya ce to mu auna shi. A babbar mahaɗar ATX mai ƙafa 24, wadda ke kai wuta daga akwatin zuwa madabod, akwai waya mai ruwan shuni, ita ke ɗauke da volt 5 na jiran aiki, kuma bai kamata ta sauka ƙasa da 4.75 ba. Ya sa mita a kanta, muka sa kwamfutar barci. Ina kallo lambar ta fara rawa, tana sauka tana hawa, ta kasa tsayawa wuri guda. Ya leƙa ta ramukan akwatin da tocila ya nuna min kafasita guda, 'yar gwangwanin da ke tara wuta, da kanta ya kumbura. Ya hana ni buɗewa, ya ce manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare soket. Wasu kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni suna da tasu mahaɗar daban, wannan awon bai shafe su ba.

Na sayi sabon akwatin wuta, ba mafi araha ba, na haɗa shi da na'urar daidaita wuta, domin hawa da saukar lantarki da zafin gari su ke saurin gajiyar da kafasita. Tun ranar tana barci tsit, tana farkawa da taɓa kibod sau ɗaya.

Umarnin powercfg /a da ake rubuta wa Windows kuma ya nuna min cewa an kashe veille prolongée, wato dogon barcin da ke adana aiki kafin na'ura ta mutu, a kwamfutar tun kafin ta zo hannuna, shi ya sa aikina ke salwanta. Na kunna shi da powercfg /h on, sannan na kunna veille hybride, wadda ke ajiye kwafin aikin a faifan ajiya (hard disk) kafin barci. Yanzu ko an ɗauke wuta ina waje, takardar mai jira tana dawowa daidai inda na tsaya.