Daga Oslo zuwa Bergen a motar da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa cikin dare

Kwanana huɗu da dawowa Kano, amma har yau in wayata ta rubuto min wai in sabunta manhaja sai gabana ya faɗi. Abin da ya same mu a hanyar Bergen ne ya jawo, ni da autanmu da ke aiki a Oslo.

Shi ya matsa sai mun je. "Yaya, ba za ka zo Norway ka ƙare a Oslo ba, sai ka ga duwatsu." Tafiyar ta kai wajen kilomita 500 ta hanyar E16, wato ta ɗara Kano zuwa Abuja. Motarsa ta lantarki ce, kamar ta yawancin maƙwabtansa. Tun daga filin jirgi na lura lambobin motoci da yawa da harafin E suke farawa, ya ce alamar masu batir ke nan, kuma a 2024 cikin sababbin motoci goma da aka saya a ƙasar kusan tara masu batir ne zalla. Ƙasa ce mai haƙo mai ta sayar wa duniya, ita kuma tana hawa wutar da ruwan duwatsunta ke ba ta. Ni da na san kwanan layin gidan mai, na ja bakina na yi shiru.

Daren da za mu tashi muna shan shayi saƙo ya shigo wayarsa, kamfanin motar ya aiko da sabuwar manhaja. Ya danna "to" ko karantawa bai yi ba. Na ce, "Auta, a jajibirin tafiya ake taɓa mota?" Ya yi dariya, wai ba a buɗe komai ba, ta intanet ne kawai.

Bayan Asuba muka sauka muka tarar da batir a kashi 80, alhali shi a 100 ya saita. Sabuntawar ta mayar da iyakar caji yadda ta fito daga kamfani, ba sallama ba neman izini. Sanyin safiyar digiri 14 ne ƙasa da sifili. Muka ce ba komai, ai wuraren caji sun fi gidajen mai yawa a idona.

A garin Fagernes, inda muka tsaya caji, ido ya raina fata. Na'urar an rubuta mata kilowat 150 ɓaro-ɓaro, muka jona, motar ta ce ita 28 za ta sha. Auta ya zare ya mayar, ya koma na'ura ta gaba, duk kanwar ja ce. A nan ya yi min karatun da ban nema ba: batirin litiyam ba ya son sanyi, in aka ɗura masa wuta da ƙarfi yana daskare lalacewa yake yi, don haka kwamfutar da ke gadinsa take rage yawan wutar da kanta. Maganin shi ne motar ta ɗumama batirin tun a hanya kafin a iso wurin caji, kuma kullum haka take yi. Ranar dai ba ta yi ba. Tsayuwar minti 25 ta koma awa ɗaya da rabi.

Kofin gahawa na saya don in ɗumama hannu, na buga kuɗinsa da naira, sai da na ji kamar in mayar. Abincin da kowa ke ci a tsaye kuwa wani dogon nama ne cikin burodi, na tambaya aka ce akwai alade a ciki, na koma kan dabinona.

Wani mutum ya zo ya faka bayanmu. Bai yi hon ba, bai yi magana ba, sai fitowa yake yana duba allon na'urarmu, ya duba agogonsa, ya saki ajiyar zuciya, ya koma. Sau uku. Wallahi gara a zage ni irin na Kano, a ce "Malam matsa mana", in rama, a wuce wurin. Wannan rashin mutunci na shiru ya fi ciwo. Da muka kira kamfanin motar kuwa, matar da ta ɗauki wayar, cikin ladabi mai sanyi kamar garin ta ce ba ta ga wata matsala a kwamfutarta ba, ba a kuma mayar da tsohuwar manhaja, in muna so ta rubuta mu ganin makaniki bayan mako uku. Na tuna Ƙofar Ruwa, inda yaro ɗan shekara goma sha biyar zai leƙa inji ya ce "Oga ba komai ba ne", ya ɗaure da waya ka kama hanya. A nan motar taka ce, kai ka biya, amma linzaminta yana hannun wani da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Wata mata da ke caji kusa da mu ta ji muna ƙorafi, ta ce wannan tsohon labari ne a ƙasarsu. A 2019 masu tsofaffin Tesla Model S sun yi kukan wata sabuntawa ta rage musu nisan tafiya da saurin caji, a 2021 wata hukumar sasanta ƙararraki ta ce a biya kowannensu krone 136,000 na kuɗin ƙasar, daga nan shari'a ta ci gaba a kotuna. Tamu ba ta wannan kamfanin ba ce, amma na ji sanyi a raina, ashe ba ƙauyancina ba ne.

Mun tashi da kashi 70 don kunya ta hana mu ƙara jira. Kuskure ke nan. Hawan tsaunin Filefjell cin batir yake kamar gara, ga na'urar ɗumama ɗaki tana jan nata rabon. Ina kallon allon ya ce saura kilomita 92, ban gama salati ba ya koma 60. Wurin cajin da muka sa rai da shi a saman dutsen, na'ura ɗaya ta ƙi gaisawa da motar sam, ɗayar kuma da layi. Auta ya kashe ɗumama, muka ƙudundune cikin riguna, numfashinmu yana daskarewa a gilashi yana gogewa da hannun riga. Na ce, "A gida da tuni na tsayar da ɗan acaɓa ya sayo mana galan wajen 'yan bumburutu." Ya ce, "Yaya, don Allah bari." Ba a zuba wuta a jarka, shi ne abin da ya fi tsaya min a rai duk tafiyar.

Duhu ya riga ya rufa, kafin ƙauyen Borgund muka ga gida da fitila, batir yana kashi 6. Mutanen da aka ce min ba sa gaisawa a bas, sai ga dattijo daga cikinsu ya buɗe ƙofa, ya saurari Auta, ya juya ya buɗe garejinsa ba tare da tambayar daga ina muke ba. Soket ɗin gida kilowat 2 da ɗoriya yake bayarwa, ɗigon famfo ke nan, don haka kwana ya kama mu. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar a gida. Uwargidan da kanta ta tambaya ko muna cin alade, ta kawo kifi da dankali, sannan wata waina mai faɗi da cuku ruwan ƙasa a kai, brunost suke ce masa, ɗanɗanonsa kamar alawar madara da aka ɗan sa wa gishiri. Da muka ce za mu yi salla, ta kashe talabijin ta shimfiɗa mana bargo. Da safe dattijon ya ƙi karɓar ko kuɗin wuta. Na cire hulata zanna na ba shi, ya kifa ta a kan farin gashinsa baibai, matar tana ta dariya.

A garejin nan Auta ya gano bakin zaren. Maɓallin ɗumama batir an ɗauke shi daga inda yake an cusa shi can cikin wani shafi, a kashe. Danna ɗaya. A Laerdal motar ta sha kilowat 120 kamar ba ita ba, kafin in gama alwala ta ƙoshi.

Daga nan muka shiga ramin Laerdal, kilomita 24.5 a cikin dutse, wanda aka buɗe a 2000, babu ramin mota da ya kai shi tsawo a duniya. Wurare uku an faɗaɗa shi kamar kogo an haska da shuɗiyar fitila don kada barci ya ɗauki direba. Ni dai idona yana kan kashi nawa ya rage.

Flam akwai kyau, ruwa tsakanin duwatsu shiru kamar an zana. Voss mun wuce ba mu tsaya ba. Bergen ruwan sama ya tarbe mu, shi ya raka mu, gidajen katakon Bryggen, tsohuwar unguwar bakin ruwa, ta ƙarƙashin lema na gan su, kifin kasuwarsu kuma kallo kawai na yi.

Daren da za mu juyo wayar Auta ta sake ƙara. Kamfanin ne, wai ga wata sabuwar manhaja da za ta gyara wasu ƙananan kurakurai. Ya ɗaga yatsa, na fizge wayar na jefa a aljihuna, ban ba shi ba sai da muka ga fitilun Oslo.