Ajin Italiyanci a saman shago a Brescia

Ɗaki ɗaya na kama haya a saman wani shago a Brescia, a arewacin Italiya, ina koyar da 'yan uwanmu Italiyanci bayan sun taso daga aiki. Akasarinsu ma'aikatan masana'anta ne, daga zangon Kumasi, daga Damagaram, daga Kano. Takarda ce ke kawo su: mai neman izinin zama na dogon lokaci sai ya ci jarrabawar Italiyanci ta matakin A2, wato na masu farawa, mai neman zama ɗan ƙasa kuwa tun 2018 ake tambayarsa B1, matakin da ke gaba da shi.

Aikatau, wato fi'ili, shi ne ƙashin aikin, ni kuma da tafi nake koyar da shi. Kowace gaɓa tafi ɗaya: par-lia-mo "muna magana", par-la-te "kuna magana", par-la-no "suna magana". A ta ƙarshen nan kusan kowa ke tuntuɓe, don bakinmu yana son danna tsakiya, alhali PAR ake dannawa. Nakan rubuta capito sau uku a allo. Ka danna farko, ka ce "nakan faɗo wuri". Ka danna tsakiya, "an gane". Ka danna ƙarshe, capitò, "ya faru". Baƙaƙe iri ɗaya, ma'ana uku.

Inda nake jin daɗi shi ne baƙi mai ninki. Parleremo "za mu yi magana" ne, parleremmo kuwa "da mun yi magana". Mai Turanci yakan sha wuya kafin kunnensa ya raba su. Mu fa? Wanda ya zauna a makarantar allo ya san shadda, kuma ba Bahaushen da zai haɗa baba da babba. Da na ce "par-le-rem-mo, ku sa wa m shadda", an wuce wurin.

Harafin p ne ciwon kaina. Wani dattijo a ajina ya yi makonni yana cewa farlo a madadin parlo, "ina magana", ga shi kuwa farlo kalma ce mai zaman kanta, "yin abin". Haka vado, "ina tafiya", ke komawa bado, "ina kula". Na ce masa: "Baba, ku riƙe takarda a gaban leɓe, ku rufe baki ruf, sannan ku saki." Ranar da parlo ta fito daidai, shi ya sayo wa ajin shayi.

Kuɗin wata ba ya cika zuwa a kan lokaci, musamman idan aiki ya yi ƙasa a masana'antu. Ba na korar kowa saboda haka. Wanda ya samu ya kawo, hayar ɗakin tana fita.