Da aka ce in zaɓi shafukan da za a rufe

Kamfanin da na yi wa aiki ba da aikin jarida ya fara ba. Imel ne jarinsa, sai babban shafin farko da mutane ke buɗewa idan sun hau intanet. Da aka ga jama'a na taruwa a wurin kullum, sai manya suka ce me zai hana a rubuta musu abin karantawa a nan gida, a ci kuɗin talla, maimakon a riƙa tura su shafukan wasu. Haka aka yi ta buɗe sassa: labarai, wasanni, fasaha, lafiya, motoci, tafiye-tafiye, daga baya har da ɗakin ɗaukar bidiyo. Ni ne editan da ke kula da su baki ɗaya. Da kuɗin shiga suka yi ta ja da baya shekara bayan shekara, masu hannun jari suka fara ƙorafi, hukumar gudanarwa ta yanke cewa a zaftare abin da sashenmu ke ci. Adadin daga sama ya zo. Inda za a yanka kuwa, ni aka bar wa.

Ba mu kaɗai wannan ta faɗa wa ba. A watan Fabrairun 2016 Yahoo, ƙarƙashin Marissa Mayer, ya sanar da sallamar kashi 15 cikin ɗari na ma'aikatansa, ya kuma rufe mujallunsa na intanet guda bakwai, ciki har da na lafiya, na motoci da na tafiye-tafiye, ya ce zai tsaya kan labarai, wasanni, harkar kuɗi da salon rayuwa. Duk wanda ya zauna a kujera irin tawa ya san yadda aka kai ga irin wannan jerin.

Ciwon a wurin talla yake. Ana biyan shafi ne bisa kowane dubu na ganin talla, farashin kuma kullum sauka yake, domin shafuka sun yi yawa, wurin manna talla ba ya ƙarewa. Cinikin ma ya koma gwanjo da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido. Mai talla ba ruwansa da wanda ya rubuta labarin, mutumin da yake nema kawai yake bi, ko a ina ya same shi da araha. Google da Facebook kuwa sun fi kowa sanin wannan mutumin, shi ya sa kaso mafi tsoka ke tafiya wurinsu. Ga kuma komawar jama'a kan waya, inda allo ƙarami ne, tallarsa ba ta kawo abin kirki. Sai ka ga masu karatu sun ƙaru, kuɗi sun ragu, ka rasa yadda za ka yi wa marubucin da ya yi aiki tuƙuru bayani.

Gardamar farko da shugaban sashen kuɗi muka yi ta. Shi a ganinsa a ɗebi kaso ɗaya daga kowane shafi, kowa ya ɗanɗana, ba wanda zai ce an zalunce shi. A takarda abin ya yi kama da adalci. Na ƙi. Shafin da mutum biyar ke riƙewa, idan ka cire biyu ba ka rage masa aiki ba, ka dai mayar da shi wurin kwafo labaran wasu, mai karatu kuma ba ya daɗewa bai gane ba. Bayan 'yan watanni sai ka dawo ka rufe shi ɗin dai, ka yi asarar albashi da suna a tsakani. Na ce gara a rufe wasu ɗungurungum, a bar sauran da ƙarfinsu. Ya dube ni ya ce, "To Malam, kai za ka rubuta sunayen." Na ce na ji.

A nan aikin ya yi nauyi, a nan kuma na fi koyon abu. Alƙaluman da kowa ke ɗagawa a taro su ne yawan buɗe shafi. Da su za a bi, hukunci mai sauƙi ne: a bar masu yawa, a rufe masu kaɗan. Sai na roƙi masu nazarin alƙaluma su rarraba mini masu karatun kowane shafi bisa hanyar da suka biyo. Wa shafinmu na farko ya turo? Wa ya faɗo daga Facebook ko binciken Google? Wa kuma ya rubuta adireshin da hannunsa, ko ya buɗe wasiƙar da muke aika masa ta imel? Da sakamakon ya fito, jerin ya kife. Shafin da ya fi kowanne yawan jama'a, kusan duk mutanensa na aro ne. Ranar da ba a ɗora labarinsa a shafin farko ba, tsit kake ji. Wani ƙaramin shafi kuma da ba a cika ambatonsa a taro ba, mutanensa da ƙafarsu suke zuwa, su dawo gobe, su rubuto wasiƙa idan an yi kuskure. Irin waɗannan ne kawai za ka iya cewa naka ne.

Haɗarin masu karatu na aro ba hasashe ba ne. A Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa, ya fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na kafafen labarai. Kafin ƙarshen Fabrairu shafin LittleThings, wanda kusan duk jama'arsa daga can suke zuwa, ya rufe. Bidiyo ma haka. Kafafe da dama sun sallami marubuta sun ɗauki masu kyamara saboda alƙaluman kallo, alhali tun a 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana zuzuta matsakaicin lokacin da ake ɗauka ana kallon bidiyo. Ɗakin bidiyonmu shi ya fi kowane sashe cin kuɗi, kuma shi na fara rufewa, ko da yake shi ne abin da manya suka fi son nuna wa baƙi.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba har yau: kyawun aiki ba ya ceton shafi. Cikin waɗanda na rufe akwai wanda ya fi sauran iya rubutu nesa ba kusa ba, amma masu talla ba sa son sunansu kusa da irin batutuwansa, masu karatunsa kuma ba su kai yawan da za su riƙe shi ba. Shafin BuzzFeed News ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 2021, aka sanar da rufe shi a Afrilun 2023. Duk editan da ya gaya wa ma'aikatansa cewa nagarta za ta kare su, ya faɗi abin da ba shi da ikon cikawa.

Rufewar kanta tana cin kuɗi, abin da masu lissafi kan yi saurin wucewa ke nan. Akwai kuɗin sallama. Akwai kwantiragin kamfanonin hotuna da na dillancin labarai da ba a fasa su a tsakiyar shekara sai da tara. Akwai tallar da aka riga aka sayar aka karɓi kuɗinta, dole a mayar ko a nemi mai ita ya yarda a kai ta wani shafin. Ga marubuta masu zaman kansu da ke bin bashin aikin da suka miƙa, waɗanda ba sa cikin jerin ma'aikata, don haka ba mai tunawa da su. Sai da na tsaya kai da fata aka biya su kafin a rufe asusun sashen, domin na san da zarar an rufe, takardarsu za ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis.

Sanar da mutane kuwa, ba dabarar da ke sauƙaƙa shi. Na dai nace a kan abu biyu: kowa ya ji daga bakina kafin ya gani a waje, kuma a yi shi a rana ɗaya. Sallama kaɗan-kaɗan ita ke kashe wuri, don kowa zai zauna yana jiran nasa, ƙwararru kuma su ne ke fara samun wani aikin su tafi. Da masu kula da kwamfutoci ma sai da muka daidaita, kada mutum ya tarar an toshe masa imel kafin a yi masa magana. Duk da haka fushin a kaina ya sauka, ba a kan hukumar da ba su taɓa gani ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban ga laifinsu ba.

Abu na ƙarshe da muka yi jayayya a kai shi ne tsofaffin rubuce-rubuce. Injiniyoyi so suke a kashe komai, don tsohuwar manhaja sai da mai kula da ita. Amma ga ɗan jarida, abin da ya wallafa shi ne shaidar aikinsa, da shi zai nemi wani. A 2024 an wayi gari rumbun MTV News na shekaru masu yawa ya ɓace daga intanet, marubutansa suka koma laluben ayyukansu a Internet Archive, rumbun da ke adana kwafin tsofaffin shafukan intanet. Mu dai mun mayar da shafukan da aka rufe zuwa tsayayyun shafuka marasa buƙatar manhaja, muka bar adireshin kowane labari yadda yake, muka cire hotunan da lasisinsu zai ƙare, muka ba kowane marubuci kwafin aikinsa. Na kuma sa aka rubuta sabunta rajistar sunayen shafukan cikin kasafin kuɗi, don sunan da aka bari ya faɗi, masu tallar caca ne ke saye.

Shin ragewar ta ceci kamfanin? Lokaci ta saya masa, shi ke nan. Matsalar tana can a gindin kasuwancin, wato mutane sun daina fara ranarsu daga shafinmu na farko. Yahoo ma bayan duk yankan da ya yi, sayar da shi aka yi wa kamfanin sadarwa na Verizon a 2017 kan kusan dala biliyan 4.5. Verizon ya haɗa shi da AOL, wani tsohon kamfanin intanet irinsa, a 2018 ya rage darajarsu a littafinsa da dala biliyan 4.6, a 2021 kuma ya sayar da su ga kamfanin zuba jari na Apollo kan dala biliyan 5.

Shafi ɗaya ne ban rufe ba, ban kuma riƙe ba. Editarsa ta zo ta ce a bar mata sunan da jerin masu karɓar wasiƙar, za ta ci gaba da kanta. Lauyoyi suka ja ƙafa, saboda adireshin mutane ba kaya ba ne da za a miƙa haka kawai, sai da aka aika wa kowane mai karatu tambaya ko ya yarda. Da yawa sun yarda. Yanzu masu karatun ne ke biyan kuɗi wata-wata. Abin da yake samu ba zai ko motsa lissafin kamfani irin namu ba, amma yana biyan ita da abokan aikinta albashi, kuma bai fasa fitowa ba.