Awon yara a kilinik dina: sikeli, allo da tef

Karamin kilinik nake da shi na yara, ba ma kwantarwa, a duba yaro a ba shi magani a tafi gida. Akwai dokar da na sa wadda har yanzu wasu iyayen ke min korafi a kanta, wato ko mura ce ta kawo yaro ko kurji sai an auna shi kafin ya ga likita. Nauyi da tsawo, in yana tsakanin wata 6 zuwa 59 har da dantse. Sai ka ji uwa ta ce "Hajiya ai tari ne kawai, sauri nake". To naji, amma babu mai kawo dansa ya ce tamowa ce ko kiba ce ke damunsa, a wajen awo ake kama su.

Ido ba abin yarda ba ne a wannan harkar sam. Yaro zai shigo kumatu cike kafafu bul-bul kowa na cewa masha Allah, nas ta danna bayan kafafunsa biyu da babban yatsa na dakika uku, ta daga, wajen ya lotsa ya ki dawowa. Ruwa ne ba tsoka ba, kuma kumburin kafa biyu irin wannan tamowa ce mai tsanani ko me sikeli ya nuna.

Tef din dantse kam ya fi komai araha a kayan aikinmu, kuma ni na fi ji da shi. Hannun hagu, daidai tsakiya tsakanin kafada da gwiwar hannu, ba a matse ba a sassauta. Tef din launi uku gare shi: kasa da santimita 11.5 ja, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa kasa da 12.5 rawaya, daga nan zuwa sama kore. Wanda ya fada ja muna gwada ko zai ci RUTF, wato abincin magani da ake ba masu tamowa, in ya ki ci ko yana da wani ciwo mai karfi ba ma jinkiri, takarda muke rubutawa a wuce babban asibiti.

Tsawo shi ne inda ma'aikata ke kasala, don yara ba sa tsayawa. Dan kasa da shekara 2 a kwance ake auna shi kan allo, mutum biyu, daya ya rike kai daya ya mike gwiwoyi, yaro na tsala ihu uwa na hararar mu. Daga shekara 2 a tsaye, ba takalmi. Banbancin kwance da tsaye kusan santimita 0.7 ne, karami dai amma yana iya canza layin da yaro zai fada a jadawalin girman yara. Jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya muke amfani da shi, na 2006 ga 'yan kasa da shekara 5, na 2007 ga 'yan shekara 5 zuwa 19, na maza daban na mata daban.

Bangaren kiba ya fi wahalar fada wallahi. Ramamme uwarsa ta riga ta damu, kana fada ta karba, amma ka ce wa uba dansa ya yi kiba da yawa sai ya ga kamar bakin ciki kake masa. Alhali hukumar ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 nauyinsu ya wuce kima. Kuma lissafin BMI na manya, wato kwatanta nauyi da tsawo inda 25 ke nuna nauyi ya wuce kima 30 kuma kiba, ba ya aiki kan yaro, sai an hada da shekarunsa. Akwai ma wanda ya tsumbure, gajere ne ga shekarunsa amma nauyin ya fi karfin tsawon, in sikeli kadai aka hau da shi sai a ce lafiya lau.

Shi yasa na daina barin nas ta fadi sakamakon a bainar jama'a. Daki muke shiga, in bude katin yaron in nuna musu digon watannin baya da na yau su ga inda layin ya nufa da idonsu, sannan mu yi maganar zaki, kallon waya da wasa. Awon ba na karbar ko sisi a kansa, sai dai ina rokon su dawo da katin duk zuwa, don awo daya ba ya nuna ko yaro hawa yake ko sauka.