Lingzhi, kunnen itace da jijiyoyin jini

Tun da kofi da shayi masu ɗauke da lingzhi suka shigo kasuwanninmu, ana tallarsu da cewa suna wanke jijiyoyin jini kuma suna sauke hawan jini, na ƙudurta bin diddigin maganar, domin akwai dattawan da nake ƙauna waɗanda suke sha da kyakkyawan zato.

Lingzhi wani nau'in naman kaza ne mai tauri da sheƙi da ɗaci, wanda ke tsirowa a jikin kututturen itace, Japanawa kuma suna kiransa reishi. Darajarsa a ƙasar Sin ba ta yau ba ce, domin littafin magunguna na Shennong Bencao Jing, wanda aka harhaɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya sanya shi a sahun magungunan da ake sha don tsawon rai. Sai dai a shekarar 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje biyar da aka yi wa mutum 398, kuma ba ta ga ya sauke hawan jini ko suga ko kitsen jini ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani baƙin naman kaza mai arha da Sinawa ke zubawa a miya, mu'er, wato kunnen itace. A 1980 wani likitan jini a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Dale Hammerschmidt, ya lura cewa a jinin wani mutum da yake gwadawa, ƙwayoyin da ke manne wa juna su tsayar da zubar jini sun ƙi mannewa. Da ya bincika, sai ya gano cewa mutumin ya ci abincin yankin Sichuan mai ɗauke da kunnen itace. Ashe wanda ba a yi wa kirari ba shi ne aka ga aikinsa ƙuru-ƙuru a jini.

Wannan ne ya sa nake damuwa da masu shan magungunan tsinka jini irin su asfirin ko warfarin, saboda ana fargabar shi kansa lingzhi yana iya ƙara musu saurin zubar jini. Na roƙi kawuna, wanda ke shan maganin tsinka jini tun bayan da ya yi shanyewar ɓarin jiki, ya kai wa likitansa kwalin kofin kafin ya sake sha, kuma ya amince.