Daga Kano zuwa Funtuwa, Wajen Masu Ɗaurin Kalangu

Ta Kabuga muka bar Kano da sanyin safiya, muka bi hanyar Gwarzo zuwa Dayi, muka karkata Malumfashi, sannan Bakori, sai Funtuwa. Tafiyar kusan awa uku ce idan direba bai tsaya lodi a kowane ƙauye ba, namu kuwa ya tsaya. Lokacin kaka ne, an yanke dawa an jingine, auduga ta yi fari fat a gonakin gefen hanya.

Funtuwa mahaɗa ce. Hanyar Zariya da ta Gusau da ta Katsina da ta Birnin Gwari duk nan suka haɗu, ga layin dogo da ya taso daga Zariya ya nufi Ƙauran Namoda. Inda fatake da direbobi da 'yan auduga ke kwana, nan makaɗi ke samun abinci. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce garin ya riƙe Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, ya kuma riƙe Hajiya Barmani Choge mai amada, wadda ta rasu a 2013. Shi da kalangu, ita da ƙwarya. Waɗannan kayan biyu na je gani.

An kai ni zauren wani dattijo da ke ɗaurin kalangu a bayan 'yan nama. Na tarar da shi da guda huɗu a gabansa, uku duk fatarsu ta fashe.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa ɗana, zauna nan. Kar ka taka fatar, jiya na shanya ta."

Jikin kalangu guntun ice ne ɗaya, ba haɗi. Masassaƙi ke fafe shi, baki biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke kamar ƙugun zanzaro, tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba sosai. Dole icen ya bushe sarai kafin a ɗaura masa fata. Idan aka yi gaggawa aka sassaƙa ɗanye, da hunturu ya busa sai ya tsage daga baki, kuma tsagaggen ice ba ya riƙe murya ko an liƙe shi da danƙo. Ya sa na zura hannu cikin wani. Wuyan a goge yake sumul. Ya ce in an bar kaushi a nan, sautin yakan fito a shaƙe, kamar mai mura.

Fata ita ce rabin aikin. Ba jemammiya ake so ba, ɗanya ake so, ta ɗan akuya ƙarami, saboda ta babban bunsuru ta yi kauri, ba ta amsa matsi. Ana jiƙa ta cikin ruwan toka kwana ɗaya ko biyu har gashin ya saki, a kankare shi da bayan wuƙa, a wanke, a shanya a inuwa. Kuskuren sabon hannu biyu ne: ko ya bar ta ta wuce lokaci a ruwan tokar ta ruɓe, ko ya kankare da kaifin wuƙa ya rage mata kauri a wuri ɗaya. Wannan wurin ba ya nunawa sai ran da ake tsakiyar biki, nan za ta ɓarke. Baba yakan ɗaga fatar sama ya duba ta da hasken rana. Inda haske ya fi ratsawa, ya kauce masa wajen yanka.

Sai a sake jiƙa ta ta yi laushi, a yanko da'ira biyu, a ɗinke kowace a kan zobe wanda ya ɗan fi bakin icen faɗi. A kifa ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan a bi da tsarkiya, wato siraran igiyoyin fata, daga wannan zobe zuwa wancan har a zagaye. A nan gwaninta take. Ba a jan gefe ɗaya a gama sannan a koma ɗayan. Ana ja kaɗan nan, a juya a ja kishiyarsa, a haka har zoben ya zauna daidai. In ya karkace, gefe ɗaya na fatar zai yi tauri, ɗayan ya yi sako-sako, kalangun ya riƙa magana da murya biyu.

Yanzu wasu da igiyar roba suke yi, don ta fi sauƙin samu kuma ɓera ba ya cin ta. Baba bai yarda da ita ba, ni ma da na ji su a jere na ba shi gaskiya. Ta roba tana miƙewa, sai ka matsa da ƙarfi kafin murya ta hau, kuma tana zame wa hammata in gumi ya zo. Ta fata kuwa tana buƙatar kulawa: a shafa mata ɗan man shanu kada ta bushe ta karye. Da damina fatar kan sha danshi ta saki, sai an gasa ta nesa da wuta ko a ajiye a rana. Da hunturu akasin haka, ba a barin kalangu a ɗaure tam a kwana.

Da ya gama ɗaya ya rataya, ya ɗauki lanƙwasasshiyar sandar kiɗan, ya ce in saurara. Ya matsa tsarkiya da damtse, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa baba na uba da baba ta inna da baba na rini ba su rikice mana a kunne ko da rubutunsu ɗaya. Wannan hawa da saukar kalangu ke kwaikwaya. Ba ya furta baƙi, karin maganar kawai yake ɗauka, mai sauraro ya cika sauran. Wato sai wanda ya riga ya san maganar ke jin ta. Taken mutum ko na sana'a haka yake aiki.

Kowace sana'a da kayanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, shi ya sa ya bi su filin dambe. Maƙera da dundufa, manoma da gangar noma ranar gayya, mafarauta da garaya, sarakai da tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi. Baba ya buga wani take a hankali, ko minti ɗaya ba a yi ba wani mahauci ya leƙo daga rumfarsa da wuƙa a hannu yana kirari, ya ajiye masa tsoka guda ya koma. Wasu samari biyu da ke cajin waya a gefe ko kai ba su ɗaga ba. Ba raini ba ne, ba su san an kira kowa ba.

Da la'asar aka ba ni izini na shiga wani gidan suna kafin mata su cika, na tarar masu amada suna shirya kaya. Babbar ƙwarya ake kifawa a kan ruwa cikin baho, ita ce mai kaurin murya. Ƙananan a kifa su a kan tsumma ko matashi a ƙasa. Shugabarsu ta ɗan karkata babbar ta shigar da iska, ta buga, ta rage, ta sake bugawa har ta samu yadda take so.

"Hajiya, wannan da aka ɗinke fa?"

"Wannan ta gyartai ce, Malam. Ta yi awon hatsi, amma ba ta hawa ruwa. Iska na fita ta ɗinkin, kafin a yi waƙa biyu ta nutse."

Ta ce sukan zo da biyu ko uku na ajiya, don sanda na fasa ƙwarya in hannu ya yi zafi. A wannan fili ne mata ke faɗin abin da ba su faɗa a gaban maza, zancen kishiya da sana'a da rowar miji, cikin habaici da dariya. Da aka fara guɗa na fito, don daga nan ba wurin namiji ba ne.

Washegari na koma zauren karɓar ƙaramin kalangun da na saya. Baba ya sassauta masa tsarkiya, ya naɗe shi cikin tsohon zane, ya ce kada in yarda yaron mota ya sa shi a but kusa da buhuna, kuma kada in ajiye shi jikin taga rana ta dake shi. A cinya na riƙe shi har Kabuga.